Tafiyar ƙarshe kafin jirgin ruwa ya shiga ramin gyara: me fasinja zai tarar?

"Assalamu alaikum. Na biya mana kuɗin yawon shaƙatawa na kwana 7 a jirgin ruwa daga Basalona, ni da maiɗakina da mahaifiyata. Bayan na gama biya sai na gano cewa ranar da za mu sauka jirgin zai wuce wurin gyara, zai yi mako 3 ba ya ɗaukar kowa. Shi ya sa kuɗin ya yi sauƙi? Jirgin ya samu matsala ne? Mahaifiyata tana fama da asma. Mu je ko mu fasa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri a kan wannan niyya.

Tambayarka uku ce a dunƙule: ko jirgin lafiyarsa ƙalau, me za ku tarar a cikinsa a wannan mako, kuma ko ƙirjin Hajiya zai ɗauka. Ta farko mai sauƙi ce. Ta biyu da ta uku sun rataya a kan abu ɗaya, wato girman aikin da za a yi wa jirgin da kuma yawan abin da kamfanin ya ƙudurta farawa tun kuna ciki.

Me ya sa ake kai jirgi ramin gyara

Ramin gyara, wanda ma'aikatan jirgi ke kira dirai dok, ƙaton kwami ne na kankare mai ƙofa ta ɓangaren teku. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar, a zuƙe ruwan da famfo na tsawon sa'o'i har jirgin ya zauna a kan tubalan da aka jera daidai da zanen gindinsa. Wanda ke Marseille a Faransa, da ake kira Forme 10, tsawonsa mita 465. Manyan jiragen shaƙatawa na Bahar Rum sukan je can, ko Navantia a Kadis ta Sifaniya, ko Fincantieri a Palermo da Trieste ta Italiya. Na yankin Karebiyan kuma sun fi zuwa Freeport a tsibiran Bahamas.

Shiga ramin doka ce. Yarjejeniyar SOLAS ta 1974, wato ta ƙasashen duniya kan tsaron rayuka a teku, ta wajabta a duba gindin jirgin fasinja kowace shekara, kuma takardar shaidar lafiyarsa ba ta wuce wata 12. A cikin kowace shekara 5, sau biyu dole dubawar ta kasance a busasshen rami, tazarar da ke tsakani kada ta wuce wata 36. Jirgin da bai kai shekara 15 ba ana iya sassauta masa ya shiga sau ɗaya, sauran dubawar masu nutso su yi ta a cikin ruwa. Masu binciken ba ma'aikatan kamfanin ba ne, daga hukumomi irin su Lloyd's Register, DNV, Bureau Veritas ko RINA suke zuwa.

Aikin da ake yi a can shi ne wanda ba ya yiwuwa jirgi na kan ruwa. Ana kankare gansakuka da ƙananan halittun da suka manne a gindi, a sake fenti mai hana su kamawa. Ana goge farfela, a duba boris da robobin da ke hana ruwa shiga ta sandarta, a buɗe fikafikan da ke rage tangaɗi, a shimfiɗa sarƙar anga a ƙasan ramin a auna yadda ta ci, a sauya dunƙulen ƙarfen da ake liƙawa don tsatsa ta ci su a maimakon jikin jirgi. Duk wannan fasinja ba ya gani, kuma ba ya shafar makonku. Jirgin da zai shiga rami jibi yana ɗauke da takardun shaida masu rai kamar kowane jirgi, in ba haka ba hukumar tasha ba za ta bar shi ya tashi ba.

Akwai hanyar rarrabe gyaran da aka tsara da na gaggawa. Kamfanoni suna fitar da jadawalin tafiye-tafiye tun shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin lokaci. Idan giɓin mako 3 ɗin nan yana cikin jadawalin tun farko, gyaran al'ada ne. Idan kuwa an sayar da tafiye-tafiye a waɗannan ranaku sannan aka soke su kwanan nan, to wani abu ne ya taso, galibi a injin tuƙi. Ko a nan ba maganar nutsewa ake yi ba. Abin da kan faru shi ne jirgi ya rage gudu don a lallaɓa boris ɗin da ya fara ci, sai a gajarta sa'o'in tsayawa a wani gari ko a cire shi gaba ɗaya daga tafiyar. Tambayi wanda ya sayar maka da tikiti wanne ne daga cikin biyun.

Inda gizo ke saƙar

Jirgi mai ɗaukar fasinja 3,000 idan ya zauna kwana 21 a rami, kwanan fasinja 63,000 ke nan da ba a sayar ba, ga kuɗin hayar ramin, ga albashi yana tafiya. Ramukan da za su ɗauki irin waɗannan jirage ba su da yawa, ana kama gurbi tun da daɗewa, kuma wani jirgin yana jiran a fita ya shiga. Saboda haka kamfani yakan haɗa gyaran gindi da gyaran ciki: kafet, katifu, banɗakuna, wuraren cin abinci, daɓen saman jirgi. Kwanakin ba sa isa, sai a ciyo bashin lokaci daga tafiyar da ke gaba da ramin da wadda ke bayansa. Kai ka sayi wadda ta riga ramin.

A gyaran al'ada na mako 2 zuwa 3, abin da aka saba gani ba shi da yawa. 'Yan kwangila kaɗan sukan hau tun farkon mako, za ka gan su da rigar aiki da awo a hannu suna liƙa lambobi a ƙofofi. Ana killace wani lungu na saman jirgi a tara naɗin kafet, buhunan siminti na musamman da fenti, a rufe da tamfol. Wataƙila a rufe wurin cin abinci ɗaya ko ɗakin wasan yara kwana biyu kafin ƙarshe. A wasu hanyoyi za ka ga an cire allunan silin ana jan waya. Mutum zai iya gama makon bai lura da rabin wannan ba.

Babban gyara daban ne. Shi ne wanda ake sauya fasalin jirgi, a ƙara ɗakuna, a rushe wurare a gina sababbi. A 2019 jirgin Oasis of the Seas ya yi kwana 63 a Kadis kan kuɗi dala miliyan 165, kuma a shekarar ce aka mai da jirgin Carnival Triumph ya zama Carnival Sunrise a wannan gari. Irin wannan aiki yakan tara ma'aikata fiye da dubu, kuma rushe-rushen ne ake son a gama kafin a isa rami. Misalin da duk masu wannan harka ke tunawa shi ne na jirgin Norwegian Sun a watan Maris na 2018, tafiyar mako biyu daga Mayami zuwa Los Anjalis ta mashigin Panama, gab da shigarsa rami a Victoria ta Kanada. Fasinjoji sun koka da gurzar daɓen sama, ƙura, warin sinadarai da rufe wurare kwana da kwanaki. Kamfanin ya fara da tayin rangwamen kashi 25 cikin 100 a tafiya ta gaba, da surutu ya yi yawa ya ba da haƙuri ya mai da shi tafiya kyauta. Wannan ba shi ne abin da aka saba ba, shi ya sa ma ya yi suna, amma ya nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa.

Mako 3 da ka ambata yana tsakiya. Zai iya zama gyaran gindi da sauya kafet kawai, zai iya haɗawa da sabunta wurin ninƙaya da daɓen sama. Kamfanoni suna son tallata sababbin abubuwa, don haka duba sanarwarsu: idan suna alfahari cewa jirgin zai dawo da sabon gidan abinci, sababbin ɗakuna ko sabon wurin wasan ruwa, ka sa ran za a fara ɓarin wani abu kuna ciki. Idan shiru, galibi aikin ƙasa ne.

Walda da yankan ƙarfe da wuta ba a cika yin su da fasinja a ciki ba, domin gobara ita ce babbar abokiyar gabar jirgi kuma kowane aikin wuta sai da izini a rubuce. Abin da ake yi shi ne ɓamɓare tayil, gurza daɓe, cire kafet, kwance kujeru da shafa fenti. Daga nan hayaniya da ƙura da wari suke fitowa. Ƙarfe kuma yana kai sauti nesa, bugun guduma a hawa na 11 ana jin sa a ɗakin da ke hawa na 9.

Maganar Hajiya

A nan ne na fi son ka tsaya. Fentin jirgi da robar da ake malalawa a daɓen sama ba irin fentin gida ba ne. Yawancinsu haɗi biyu ne da ake gaurayawa a wurin aiki, kuma wasu na ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda sananne ne wajen tayar da asma. Ƙurar gurza tsohon daɓe ma haka. A sarari iskar teku tana kwashe yawancinsa, amma idan aikin yana kusa da inda na'urar sanyaya ɗakuna ke zuƙo iska, warin kan shiga hanyoyi da ɗakuna na wannan sashe.

Ko ƙirjinta zai jure, wannan hukuncin likitanta ne, shi ya san yawan tashin ciwon da abin da ke tayar da shi. Ku je masa da wannan bayani kafin ku yanke shawara. Ni a nawa ganin, idan asmarta mai tashi da warin fenti ko turare mai ƙarfi ce, kuma ka tabbatar babban gyara ne, ka sauya rana ko da za ka yi asarar wani abu. Idan gyaran al'ada ne kuma ciwon yana kwance da magani, ku tafi da shiri.

Shirin shi ne: abin shaƙa guda biyu na kowane iri, ɗaya a jakar hannunta ɗaya a ɗaki, ba a cikin akwatin da za a karɓa a tasha ba. Takardar likita mai sunan magungunan. Takunkumin hanci na N95, domin na kyalle ba ya tare ƙura mai laushi, kuma ka sani ko N95 ɗin ƙura yake tarewa, ba ya tare tururin fenti, maganin wannan barin wurin ne. Asibitin jirgi yana aiki har ranar ƙarshe da likita da ma'aikatan jinya, amma da kuɗi yake kuma da tsada, saboda haka inshorar tafiya ta ambaci asmar a rubuce. Inshorar da aka yi don neman biza kawai sau da yawa ba ta ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi.

Sai ɗaki. Buɗe zanen hawa-hawa na jirgin ka ga abin da ke saman ɗakinku da ƙasansa. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne mai ɗakunan kwana a sama da ƙasa. Mafi muni shi ne wanda ke daidai ƙarƙashin wurin ninƙaya ko wurin cin abinci na sama, domin can ake jan kaya da gurza daɓe. Idan ɗakin mai baranda ne, ku tambayi mai kula da ɗaki ko an sa ranar fentin baranda a layinku, ku ce ba ku so, ku faɗi dalili. Neman sauya ɗaki a yi shi yanzu. A irin wannan tafiya wasu ɗakunan an ware wa 'yan kwangila, ba lallai a samu na sauyi bayan an tashi ba.

Abinci, kantuna da ma'aikata

Mutane suna tsoron abinci zai ƙare. Ba zai ƙare ba, domin a rami ma ana ciyar da ma'aikatan jirgi da 'yan kwangila sau uku a rana. Abin da kan yanke shi ne kayan marmari: wani irin cuku, wani lemo, wani ɗan itace da ba a sake saro shi ba tunda ba fasinja a mako mai zuwa. Wanda wannan ya fi shafa shi ne mai abinci na musamman. Idan kuna son naman halal, kamfanoni suna buƙatar a sanar da su makonni kafin tashi, kuma ba dukansu ke bayarwa ba. Ka nema a rubuce yanzu, ranar farko kuma ka je wurin shugaban masu hidimar abinci ka tabbatar an loda. Kifi, ƙwai da ganyaye ba sa yankewa.

Kantunan ciki, wurin gyaran jiki da masu ɗaukar hoto yawanci na wasu kamfanoni ne da suka karɓi haya. Sukan fara ƙirga kaya da ɗaure su a kwali tun kwana biyu kafin ƙarshe, wani lokaci da rangwame don rage kaya. Abin da kuke so ku saya, ku saya a tsakiyar mako. Wanki ma kada ku bari sai ranar ƙarshe.

Ma'aikatan kuwa, wasu kwangilarsu ta ƙare suna ɗokin gida, wasu za su zauna a rami suna gadin gobara da kwasar shara, aikin da ya fi na kullum wuya. Bayan hidimarku da rana, da dare suna kwashe kaya. Idan ka ga mai kawo abinci ido ya yi ja, dalilin ke nan, kuma ba shi ya tsara jadawalin ba.

Wani abu da za ka lura da shi tun ranar farko: tsufa. Duk gyaran da za a iya jinkirtawa an jinkirta shi zuwa rami. Kafet ya koɗe, katifa ta lotsa, tsatsa a gefen baranda, wani lif ɗin an rufe shi ana jiran kayan gyara. Abin da ya shafi tsaro, kamar ƙofofin tare wuta da kwale-kwalen ceto, ba a jinkirta shi. Amma famfon da ke ɗiga ko na'urar sanyi da ba ta aiki a ɗakinku haƙƙinku ne a gyara yau, kada ka karɓi "sai an je rami".

Daren ƙarshe da safiyar sauka

Komai ƙanƙantar gyaran, a nan za ka san jirgin yana da wata tafiya a gabansa. Tun la'asar ake fara tattara kujerun sama ana ɗaure su. Ana zubar da ruwan wuraren ninƙaya da wuri, domin jirgi dole ya isa rami da nauyi da daidaito irin wanda aka lissafa, bai karkata ba, kafin ya zauna a kan tubala. Da dare ana shimfiɗa leda da katako a kan kafet da cikin lif. Da asuba za ka leƙa ka ga motoci da kwantenoni a bakin tasha, ma'aikata sun yi layi suna jiran ku fita.

Saukar tana da wuri kuma ba ta da sassauci. Karin kumallo gajere ne, kuma damar da wasu jirage ke bayarwa ta zama a ciki har rana babu ita. Daga Basalona zuwa Marseille tafiyar dare ɗaya ce, zuwa Kadis kusan kwana biyu, kuma an riga an sa sa'ar buɗe ƙofar rami. Idan Hajiya tana buƙatar keken turawa, ka yi rajista a ofishin kula da fasinjoji kwana biyu kafin nan. Idan jirgin samanku na yamma ne, ka tanadi inda za ta zauna tun safe, ko ɗakin otal na yini.

Ka sake duba tikitin ka tabbatar a Basalona za ku sauka. Tafiyar da ke gab da rami sau da yawa ba ta komawa inda ta fara, takan ƙare a tashar da ke kusa da wurin gyara, kuma wannan na cikin dalilan araharta. Ga mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar wannan ba ƙaramin abu ba ne. Dole bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ta zama mai shiga sau da yawa, musamman idan jirgin zai taɓa Tunisiya, Maroko ko Turkiyya, kuma ta zarce ranar sauka da 'yan kwanaki. Kuɗin bizar, Yuro 90 ga babba tun watan Yunin 2024, ba a mayarwa ko da kamfani ne ya soke tafiya.

Abin da za ka yi a wannan mako

Rubuta wa kamfanin, ko ta hannun wakilin da ka saya a wurinsa, ka yi tambayoyi a fili: waɗanne wurare za a rufe a tafiyarmu kuma daga wace rana, za a yi fenti ko gurza daɓe muna ciki, 'yan kwangila za su hau tare da mu? Ka ambaci asmar Hajiya. Jadawalin aikin yana hannun sashen injiniyoyinsu, mai amsa waya ba ya ganinsa, don haka amsar baki ba ta da nauyi. Ka nace a ba ka a rubuce, ko da amsar ta zo a dunƙule, ita ce hujjarka daga baya.

Sannan ka duba sharuɗɗan sokewa. Yawancin kamfanoni suna fara cin tara tsakanin kwana 60 zuwa 120 kafin tashi, tana hawa har ta cinye kuɗin duka a makonnin ƙarshe. Neman a ɗaga maka rana a jirgi ɗaya ya fi sauƙin samu a kan neman kuɗi, balle da takardar likita.

Idan za ka sauya, kada ka faɗa tafiyar farko bayan rami. Ita ce ta fi hatsarin sokewa, domin da zarar an zuƙe ruwa akan ga abin da ba a zata ba, kaya su makara, ko ruwan sama ya hana fenti bushewa. Haɗari ma kan faru: a watan Afrilun 2019 injin ɗaga kaya ya faɗo kan Oasis of the Seas a Freeport, aka soke tafiye-tafiye uku. Ko an fito a kan lokaci, kafintoci da masu wayarin sukan biyo jirgin su ƙarasa aiki, ga warin sabon kafet da gam, wanda ga mai asma bai fi na fenti sauƙi ba. Zaɓi tafiya ta uku bayan fitowa, ko wadda ta riga ramin da wata guda.

Idan kun tafi kuma aikin ya wuce gona da iri, ka kai ƙara ofishin kula da fasinjoji a ranar, ka nemi a rubuta a ba ka lamba, ka ɗauki hoto mai kwanan wata. Dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da ake sayarwa a dunƙule ta ba matafiyi haƙƙin a rage masa kuɗi na kwanakin da bai samu abin da aka yi alkawari ba, muddin ya sanar ba tare da jinkiri ba. Ko za ta hau kanka ya danganta da reshen kamfanin da sunansa ke kan takardar kwangilarka, don haka idan ta hannun wakili a Kano ko Abuja ka saya, ka nemi ya ba ka ita ka karanta. Abin da kamfanoni suka fi saurin miƙawa shi ne rangwame a tafiya ta gaba, mai wa'adin ƙarewa. Ga wanda ke zaune a Basalona kyauta ce. Gare ka, kafin ka ci moriyarta sai ka sake neman biza uku da tikitin jirgin sama uku, don haka ka nemi a mayar da kuɗi a katin da ka biya da shi, ko a cire daga lissafin abin da kuka kashe a cikin jirgi kafin ku sauka.